Nazarin Lamari: Yadda Ƙugiyar Rataya Ta Kusa Kashe Kwangilar Wata Masana'anta a Sharaɗa

Wurin da abin ya faru wata ƙaramar masana'antar kayan ƙarfe ce a rukunin masana'antu na Sharaɗa a Kano, irin waɗanda suka wuce a ce musu shagon walda amma ba su kai a kira su kamfani ba. Gadaje masu hawa biyu suke yi, da lokoki, da kujerun aji, in kasuwa ta yi sanyi su taɓa ƙyauren gida. A da fentin mai suke fesawa da kwampresa kamar kowa. Daga baya maigidan ya sayi na'urar fesa garin fenti da lantarki, ya haɗa obin, wato tandun gasa fenti, mai aiki da gas, saboda masu ba da aikin makarantun kwana sun fara cewa gasasshen fenti suke so. A damina aka kafa na'urar, kuma watannin farko aiki ya yi kyau har masu walda na kusa suna kawo kayansu a gasa musu.

Da hunturu ya kankama sai labari ya canza, kuma a daidai lokacin da suke da kwangila mafi girma da suka taɓa samu: gadaje da lokoki na wata makarantar kwana, waɗanda za a kai kafin ɗalibai su dawo hutu. Gari ya daina kama ƙarfe yadda ya saba. Rabinsa a ƙasa yake ƙarewa, buhun da a da yake cin aikin yini biyu yanzu bai kai la'asar ba. Cikin lokoki, musamman kusurwoyi da ƙarƙashin kanta, ana hango ƙarfe ta cikin fentin. Bakin ƙofofi kuwa ya yi kauri da gurji-gurji, wani wurin har da ƙananan ramuka kamar an tsira da allura. Mai feshin ya fara kukan cewa bindigar fesa garin tana jansa kamar ya taɓa wayar lantarki. Abin da ya tayar da hankalin kowa shi ne lodin farko da aka kai makarantar: wajen sauke gadajen daga mota, duk inda ƙafar gado ta bugi 'yar'uwarta sai fenti ya ɓare ya faɗo. Wakilin makarantar ya ce a dakata da kawo sauran.

Kowa a wurin da tasa fassarar. Maigidan ya ce bindigar ce ta mutu, har ya yi magana da dillali a Legas a turo masa wata. Babban mai waldarsu ya ce ƙasa ce ta bushe, shi ya sa ating, wato hanyar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, ba ya aiki, kuma tuni ya sa yara suna tuttula ruwan gishiri a gindin rodin ating safe da yamma. Mai feshi ya ce garin ne jabu. Ni an kira ni ne kawai in tabbatar bindigar ta mutu kafin a tura kuɗi.

"Injiniya, ka duba mana ita kawai, ba ni da lokacin dogon bincike," in ji Alhajin.

Yadda abin yake aiki

Sai an san hanyar da wutar take bi kafin a gane inda ta maƙale. A bakin bindigar akwai wata siririyar allura da na'urar ke ɗora wa ƙarfin lantarki mai yawan gaske, har zuwa bolt 100,000, wato kilobolt 100. Adadin yana da ban tsoro, amma wutar da ke gudana kaɗan ce ƙwarai, ba ta wuce maikro-amfiya 100 ba a yawancin bindigogin hannu. Allurar tana caza iskar da ke gabanta, garin da iskar kwampresa ta turo ya ratsa ta cikin wannan cazajjiyar iska ya kwashi caji na negatib. Ƙarfen da za a yi wa fenti kuma an haɗa shi da ƙasa, don haka garin yake binsa ya manne, har ya zagaya ta bayan fayif inda bindiga ba ta kalla ba. Ɗan Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan: irin wutar nan ce da ke sa rigar roba ta yi ƙas-ƙas ta manne a jiki da daren hunturu. Bayan an fesa, sai a tura kayan cikin obin, garin ya narke, ya baje, ya daskare ya zama fata ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Harold Ransburg, ya fara amfani da ita da fentin ruwa a shekarun 1940, fesa gari kuma ya biyo baya a Turai a farkon shekarun 1960. Abin da ya sa ta karɓu shi ne tattali: feshin kwampresa na yau da kullum fiye da rabin fentin iska ke kwashewa, shi kuwa gari in ana tattara wanda ya zuba ana tankaɗewa a mayar, ana iya cin moriyar fiye da kashi 90 cikin 100.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi guda. Ba garin kaɗai ke sauka a jikin ƙarfen ba. Mafi yawan cajin da allurar ke saki yana tafiya ne a cikin iska tsura, ya sauka a kan ƙarfen, kuma dole ya sami hanyar ficewa zuwa ƙasa. In hanyar ta toshe, ƙarfen da kansa zai cika da caji irin na garin, ya koma korar abin da ya kamata ya jawo. In ya cika ya batse kuma, sai ya yi tartsatsi zuwa ga duk abin da ya matso kusa.

Abin da awo ya nuna

Bindigar lafiyarta lau. Na ɗauko wani guntun faranti mai tsabta, na maƙala masa wayar ating kai tsaye daga bayan na'urar, na ce mai feshi ya fesa. Gari ya kama, ya zagaya har baya. Alhaji ya yi shiru yana kallon farantin. Abin da na samu a jikin bindigar bai wuce gari da ya daskare a bakinta ba, da 'yar robar cikin famfon gari da ta cinye, wadda dama kayan canzawa ce lokaci zuwa lokaci.

Maganar bushewar ƙasa ita ce ta fi kama hankali, don haka ta fi ɓatar da mutane. Gaskiya ne ƙasar Kano tana bushewa ƙayau a rani, kuma rodin ating da aka kafa a busasshiyar ƙasa ba ya aiki kamar na jiƙaƙƙiya. Amma a lissafin wannan aiki ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙa'idar da ake bi a duniya, wadda ke cikin kundin NFPA 33 na ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka, ita ce tsakanin abin da ake fesawa da ƙasa kada turjiya, wato yadda hanyar ke tare wuta, ta wuce megom 1, wato om miliyan ɗaya. Rodin da ya lalace ƙwarai a busasshiyar ƙasa turjiyarsa ɗaruruwa ce ko 'yan dubbai. Ko ya ninka sau goma bai kusanci miliyan ba. Ruwan gishirin da ake zubawa ba abin da yake ƙarawa sai saurin cin rodin da tsatsa.

Sai muka bi hanyar gaɓa-gaɓa da mega, na'urar da masu wayarin ke gwada rufin waya da ita, a kan bolt 500. Ƙaramar mitar aljihu ba ta isa wannan aiki ba, don batirinta ba ya tura ƙarfin da zai nuna gaskiyar abin da ke faruwa a mahaɗa. Daga rodi zuwa jikin rumfar feshi, lafiya. Daga rumfa zuwa keken da ake rataya kayan a kai, matsala ta farko: keken yana kan tayoyin roba, abin da ya haɗa shi da ating wata matsa ce da aka maƙala a jikinsa, kuma inda aka maƙala ta ya sha fenti ya shiga obin ya fito ba adadi. Haƙoran matsar a kan gasasshen fenti suke cije, ba a kan ƙarfe ba. Daga sandar keken zuwa ƙugiya, daga ƙugiya zuwa ƙofar loka, allurar mega ta haura megom 200 a mafi yawan waɗanda muka gwada. Ƙofofin a rataye suke cikin iska, babu abin da ya haɗa su da ƙasa.

Na karya ƙugiya ɗaya na miƙa wa Alhaji. Wayar asali siririya ce, amma fentin da ya lulluɓe ta ya yi kauri hawa-hawa, kowane launi da suka taɓa fesawa tun damina yana nan a jere: toka-toka, shuɗi, fari, baƙi, shuɗi kuma. Gasasshen garin fenti roba ne, kuma roba mai kyau wajen hana wuta wucewa. Tun ranar da aka kafa na'urar ba wanda ya taɓa kankare ƙugiya, domin wanda ya kafa ta bai ce a yi ba, ko ya faɗa bai nanata ba.

To me ya sa sai da hunturu abin ya fito fili? Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, kauri yana taruwa ne a hankali, sai a lokacin ya kai maƙura. Na biyu, a watan Agusta iskar Kano cike take da laima, kuma ɗan danshin da ke kwanciya a saman ƙugiya yakan ba caji hanyar sulalewa ko da fenti ya rufe ta. A Disamba da Janairu laimar iska kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, wannan ɓarauniyar hanya ta rufe. Masu yin garin sukan so laima tsakanin kashi 45 zuwa 60. Wato damina ce ta yi ta rufa wa ƙugiyoyin asiri. Mai waldar ya gane cewa yanayi na da hannu, wurin da ya nuna ne ba daidai ba.

Hannun mai feshi

Mai feshin yaro ne mai hannu, ya shekara da yawa yana fentin mota a gareji kafin ya zo nan. Abin da ya koya a can shi ya riƙa yi: in fenti bai rufe ba, ƙara wuta, ƙara fenti, matsa kusa. Na tarar da maɓallin ƙarfin lantarki a ƙure, na gari ma a ƙure, bindiga tana feso gari da ƙarfi kamar ana hura ƙura, bakinta kuma bai fi faɗin tafin hannu daga ƙarfen ba. Kowanne cikin ukun nan ƙara dagula lamarin yake.

Ramukan nan da gurji-gurjin da ke bakin ƙofofi daga yawan wuta suke. In caji ya taru fiye da kima a cikin garin da ya riga ya kwanta, sai ya riƙa fashewa ta cikinsa da ƙananan tartsatsi da ido ba ya gani, kowanne ya bar rami, kuma obin ba ya iya shafe su duka. Busasshiyar iska tana ƙara saurin faruwar haka. Maganinsa a rage gudun wutar, a ja baya, a daina maimaita wuri ɗaya.

Kusurwoyin da suka ƙi karɓar gari kuma wata matsala ce daban, wadda masu sana'ar ke kira kejin Faraday, da sunan masanin nan na Ingila, Michael Faraday, wanda ya nuna a 1836 cewa ƙarfin lantarki ba ya shiga cikin akwatin ƙarfe, a wajensa yake tsayawa. Loka kuwa akwatin ƙarfe ce. Layukan ƙarfin suna bin wuri mafi kusa da mafi tsini, wato bakin ƙofa da gefen kanta, su ja garin can, lungu ya tashi a tutar babu. Duk yadda aka ƙara kilobolt haka gefen ke ƙara ƙwace rabon lungu. Ga kuma iskar da ke fitowa da ƙarfi tana bugun kusurwa ta dawo da ɗan abin da ya isa can. Da muka auna da mitar kauri, fentin cikin kusurwa bai kai maikron 30 ba (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), bakin ƙofa ya haura 140, alhali abin da ake nema tsakanin 60 ne zuwa 80 ko'ina.

Tsarin da muka tsayar, bayan an gyara ating, bai da wuya. A fara da lungu tun ƙarfe yana tsirara, domin da zarar gefe ya sha gari to ya zama katanga. A lungu a sauke ƙarfin zuwa kilobolt 40 ko 50, a taƙaita gudun wutar wajen maikro-amfiya 20, a rage iska har garin ya riƙa fitowa kamar hayaƙi mai laushi, kuma kada a nufi tsakiyar kusurwa kai tsaye; a nufi bangon da ke gefenta a karkace, iska ta kai garin ciki da kanta. In an gama da lungu sai a ɗaga zuwa 70 ko 80 a yi shimfiɗaɗɗen wuri, tazara santimita 20 zuwa 25, abin da na ce masa ya riƙe a matsayin taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Hannu ya tafi a miƙe daga gefe zuwa gefe, kowane zuwa ya hau rabin na baya, ba tare da lanƙwasa wuyan hannu a ƙarshe ba. Abin da aka taɓa gasawa za a sake fesawa kuwa yana son wuta ƙasa da haka, don fatar farko ta riga ta tare hanya.

Sai maganar jan da bindiga ke yi masa. Da ya fara jin ja, sai ya naɗe mariƙin da salatif, ya sa safar hannu ta roba, ƙafarsa kuma dama silifas ne. A tunaninsa kariya ya yi wa kansa. Mariƙin bindigar nan da gangan aka yi shi mai wuce wuta, an haɗa shi da ating, domin mai riƙe da ita ya riƙa sauke cajin da ke taruwa a jikinsa ta tafin hannu. Da ya raba kansa da mariƙin da kuma ƙasa, shi ma ya zama kamar ƙofar lokar: yana tara caji, sai ya taɓa ƙarfe ya ji tas.

"Yallaɓai, wato in cire safar in kama wuta da hannu?" Haka ya tambaye ni yana dariyar rashin yarda.

Na ce ko dai hannu tsirara, ko safar da aka yi mai wuce wuta, ko a yanke tafin safar da wurin yatsan kunamar bindiga. Takalmi kuma mai ƙasan fata ko wanda aka yi don wannan aiki. Jan kansa ba ya kisa. Abin tsoro shi ne tartsatsi a cikin gajimaren gari, domin garin fenti in ya yi kauri a iska yana kamawa da wuta kamar kowace ƙurar da ke ci, kuma a rumfar nan fankar zuƙa ɗaya ce, matatarta a toshe, obin mai harshen wuta kuma bai da nisa. A ganina wannan ne hatsari mafi girma a wurin, ya fi asarar kwangila, kuma shi ne wanda ba wanda ya kira ni a kansa. Takunkumin da yake sawa ma na tsumma ne irin na 'yan acaɓa, wanda garin ke ratsawa. An canza masa da mai matata.

Ɓarewar fenti ba laifin bindiga ba ce

Tsugune ba ta ƙare ba, don duk abin da aka faɗa a sama bai bayyana dalilin da fenti ke ɓarewa daga ƙafar gado ba. Lantarki aikinsa ya riƙe gari har a kai shi obin. Daga nan ya gama. Ko fenti zai kama ƙarfe ya zauna shekaru, wannan hukuncin wanki ne da gashi.

Fayif da farantin da ake sarowa a Ƙofar Ruwa da mai a jikinsu suke zuwa, wanda masu ƙera su ke shafawa don hana tsatsa. A nan tsumma ake tsomawa a fetur a goge, tsumma ɗaya ya yi gadaje da yawa, wato ana kwashe mai daga wannan ana shafa wa wancan. Gwajin mai sauƙi ne: a watsa ruwa a jikin ƙarfen. In ya kwanta shimfiɗe ya gangara, ƙarfe ya wanku. In ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, da sauran mai. Duk wanda muka gwada ɗigo ya yi. Ga dattin walda da ba a kankare ba a mahaɗa, ga kuma kayan da aka goge da safe ana jingine su a tsakar fili har azahar, hazo yana sauke musu ƙura.

Obin ɗin kuma agogonsa yana nuna digiri 200, yara suna ƙirga minti 10 daga rufe ƙofa, domin haka aka rubuta a kwalin garin. Abin da kwalin ke nufi shi ne minti 10 bayan ƙarfen kansa ya kai 200, ba iskar cikin obin ba. Ƙofar loka siririn faranti ce, nan da nan take ɗaukar zafi. Ƙafar gado da ƙarfen kusurwa mai kaurin milimita 3 suna iya cin kwata na awa ko fiye kafin su iso, balle a safiyar Janairu da ƙarfe ya kwana cikin sanyi. Ana cusa su tare a fitar da su tare. Lokoki suna fitowa a gashe, gadaje suna fitowa da ƙyalli a ido amma ɗanye a ciki, shi ya sa yake fashewa kamar kwalba in an buga. Mun tabbatar da haka ta hanyoyi biyu. An jiƙa auduga da asiton, wani sinadari mai narkar da fenti, an goga a ƙafar gado: fentin ya yi laushi ya bi audugar. An kuma tsaga layuka a gicciye da reza, irin gwajin da ma'aunin ISO 2409 ya tsara, an manna salatif an fizge: murabba'ai da dama sun taso.

Rarrabe waɗannan biyun ya ceci kuɗi mai yawa. Gadajen da matsalarsu rashin gashi ce kawai an mayar da su obin sun ƙarasa, suka ci gwaji. Waɗanda mai ke ƙarƙashinsu ba yadda za a yi da su, sai da aka kankare har ƙarfe aka sake daga farko. Daga nan aka raba lodi, masu kauri daban, sirara daban, aka kuma samo waya mai auna zafi da ake maƙalawa a jikin ƙarfe mafi kauri a lodin, ƙirga ba ta farawa sai ta nuna an kai. Wajen wanki aka yanka duro aka yi kwatami uku: na sinadarin cire mai da ruwan ɗumi, na ɗauraya, da na ɗauraya ta biyu, sannan a busar a bakin obin a shigar da kaya rumfa kai tsaye.

Garin da aka zarga da zama jabu lafiyayye ne, sai 'yan kwalaye da suka yi gudaji saboda an jibge su a ƙarƙashin kwano kusa da bangon obin. Gari yana son wuri mai sanyi da bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, abin da ke da wuya a garin da zafin Afrilu ke taɓa 40. An mayar da su ɗakin ofis. Na kuma ja hankalinsu cewa wanda suke amfani da shi haɗin roba iri biyu ne, ifoksi da foliyesta, ya dace da gado da loka, amma in aka sa shi a ƙyauren da ke kallon rana zai kode ya riƙa fitar da farin gari. Na waje foliyesta zalla ake nema.

Wa ke da alhakin ƙugiya?

Gyaran ating ɗin yini ɗaya bai ci ba. An yi wa keken walda da ƙusa mai zare, aka ɗaure wayar jan ƙarfe a kai da noti, aka rufe wurin da hular da ake cirewa. An gurje saman sandar rataya har ƙarfe ya fito. An lanƙwasa sababbin ƙugiyoyi da waya mai kusurwa huɗu maimakon zagayayyiya, domin kaifin gefenta yana yanka ta cikin ɗan fentin da ya taru ya taɓa ƙarfe. Da aka sake sa mega, duk sun sauko ƙasa da megom 1 nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne tambayar da na yi wa Alhaji: a cikin yaran nan wa aka ɗora wa wanke ƙugiya, kuma nawa ake biyansa? Amsar ita ce babu. Kowa a wurin jinga yake yi. Mai walda ana biyansa a kan gadon da ya haɗa, mai goge ƙarfe a kan wanda ya goge, mai feshi a kan wanda ya fesa, kuma ana ƙirga masa ne a bakin rumfa kafin a shiga obin. A irin wannan tsari duk mintin da ya ɓata yana gurzar ƙugiya ko yana lallaɓa kusurwa da ƙaramar wuta, daga aljihunsa ya fita. Garin da ke zuba a ƙasa kuwa daga aljihun Alhaji. Ban ga laifin yaron da ya ƙure maɓalli ba. Abin da aka biya shi ya yi shi ya yi. Ana iya rubuta lambobin saiti a manna a bango, amma in lissafin kuɗin bai canza ba, ba za a yi mako biyu ba maɓallin zai koma inda yake.

Alhaji bai so maganar ba da farko. "Injiniya, ni na kira ka gyaran inji, ka koma gyaran albashi," ya ce. Amma ɗan kasuwa ne, da ya kwatanta buhunan da aka ci a makon da ya biyo bayan gyara da na makon da ya gabace shi, bai ƙara musu ba. Aka koma ƙirga wa mai feshi abin da ya fito daga obin ya ci dubawa, aka ɗan ɗaga masa kuɗin kowane guda saboda lokacin da lungu ke ci. Aka yi ƙugiyoyi kashi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na wanki, aka ba wani ƙaramin yaro aikin gurje wurin mahaɗa kowace safiya da ladansa na daban. Sun so su riƙa ƙona ƙugiyoyin a wutar itace a bayan shago, na hana, saboda hayaƙin guba ne kuma wuta tana sa wayar ta yi laushi ta miƙe da nauyin gado. Bindigar Legas ba a saya ba; kaɗan daga kuɗin aka sayi mega da mitar kauri.

An kai ragowar kayan makarantar a makare da 'yan kwanaki, aka karɓa bayan wakilinsu ya sa an buga ƙafar gado da guduma a gabansa.

Abu biyu Alhaji ya ƙi yi. Ya ƙi ƙara kwatamin fosfet, sinadarin da ke yi wa ƙarfe shimfiɗar da ke ƙara kamun fenti da hana tsatsa bin ƙarƙashinsa, ya ce kayan cikin ɗaki ba sa buƙata. Ga gado na yarda da shi rabi da rabi. Ga ƙasan loka da ɗalibai za su riƙa jiƙawa da ruwan wanki ban yarda ba. Ya kuma ɗage sayen na'urar busar da iskar kwampresa, tunda a hunturu in an buɗe ƙasan tanki ɗan ruwa kaɗan ke fita. Daga Yuni zuwa Satumba tankin zai riƙa tara ruwa kullum, ruwan ya bi tiyo ya shiga tukunyar gari, bindiga ta fara tofar da gudaji. Na rubuta masa girman na'urar da ta dace da kwampresarsa a bayan takardar lissafi, ya ce a bari sai an biya shi cikon kuɗin kwangilar.